Ranar da Muka Ɗora Inna kan Iska

Shekarar da aka ba mu jiha, Inna na fama da ciwon baya, ga sunan jikarta a Kurfi, hanya kuma duk gargada. Ni na ba yayana labarin motocin Ikko masu tafiya kan iska. Sai ya cusa tub ɗin babur biyu tsakanin sifirin da bodin akori-kurarsa. Mu ba hagu iska, dama ta kwanta. Mu ba dama, hagu ta kwanta.

Na ce, "Yaya, haka ake yi?"

Ya ce, "Kai da ka je Ikko kake tambayata?"

Daga Dutsin-Ma har Kurfi Inna barci ta sha, ta sauka tana sa mana albarka. Muka leƙa ƙarƙashin motar, babu tub ko ɗaya. Har yau ban san me ya lallaɓa bayanta ba.