Gayyar da Ɗanbaba Ya Kira wa Intanet

Idan ka taɓa shan ruwan rijiya a ƙauyukan da ke bayan Zango, da wuya ba ka sha aikin hannun Ɗanbaba ba. Maginin rijiya ne tun yana saurayi, a ƙauyen Tsamiyar Kande. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kuma rabin rayuwarsa a ƙarƙashin ƙasa ya yi ta. Shi ya sa ko gaisawa kuke yi sai ka ga idonsa na kan ƙafarka. Ba ladabi ba ne, ƙasar da ka taka yake dubawa. Da rijiyar burtsatse ta shigo, sana'ar ta ja baya, ya koma yashe tsofaffin rijiyoyi da ciro guga, wani lokaci da akuyar da ta leƙa fiye da kima. Da damina kuma ya noma gero da gyaɗa kamar kowa.

Yana da ɗa, Mansur, ɗan fari. Saboda haka tun ranar suna bakin Ɗanbaba bai taɓa furta sunan ba. Sai dai "wannan" ko "mutumin naku". Mansur ya yi karatu a Daura, ya dawo ya buɗe shago kusa da masallacin Juma'a, da kwamfuta da firinta da farantin sola a kan rufi. Yana yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, yana tura wa masu sayen raguna na kudu bidiyon dabbobi.

Matsalar ɗaya ce, sabis. Kamfani ɗaya tilo ke da ƙarfen sabis a yankin, shi ma can nesa, kuma tun da ba shi da abokin gasa sai ya miƙe ƙafa. Ka tura bidiyon rago da safe, kafin ya isa Legas ragon ya rame. Wani lokaci ma kana zaune a zaurenka sai wayarka ta yi maka barka da zuwa Nijar da Faransanci.

Ana cikin haka wani sabon kamfani ya taso daga Daura yana haƙa gefen titi yana binne kebul, aka ce intanet ce mai gudu. Ya iso Zango, ya tsaya cak. Aka ce sai baɗi. Baɗi ta zo, aka sake cewa sai baɗi. Mansur ya ji a rediyo cewa kamfanonin duk sun rage shiga ƙananan garuruwa, wai ɗawainiyar ta fi amfanin.

Wata rana da hantsi Ɗanbaba na gyaran ƙotar diga a bayan zana, ya ji Mansur na faɗa wa uwarsa, Amatullah, cewa bayan babbar Sallah zai koma Kano. Wani abokinsa ya samo masa shago.

"Ka faɗa wa babanka?" in ji ta.

"Iya, ke kin san abin da zai ce. Zai ce Allah ya kiyaye hanya, ya ci gaba da kallon ƙasa."

Gaskiya ya faɗa. Mutumin da ba ya iya kiran sunan ɗansa, ina zai iya cewa kada ka tafi? Sai kawai Ɗanbaba ya hau acaɓa zuwa Zango, ya je daidai inda haƙar kamfanin ta ƙare, ya tsuguna ya damƙi ƙasar. Ya tambayi maigadin da ke tsaron kayan me ya tsayar da aikin.

"Haƙa ce, Baba," in ji maigadin, wanda shi ma ji ya yi ana faɗa. "Haƙar ce ke cinye su."

Ɗanbaba ya miƙe yana kakkaɓe hannu. Ashe haƙa ce kawai? To ai an zo gidansa.

Ya sayi goro ya kai wa sarkin noma, ya ce gayya yake nema. Sarkin noma ya tambayi wace gona ce ake nomewa tsakar rani. Da ya ji bayani, wai rami za a haƙa wa kebul daga ƙauyen har Zango, ya daɗe yana tauna goro, sannan ya ce shi dai bai taɓa jin an hana mutum gayya ba.

Ranar gayyar, gari ya fito kaf, har da mutanen ƙauyukan maƙwabta. Makaɗa suka saɓa ganguna, mata suka dama fura a manyan robobi. Taubashin Ɗanbaba, Sama'ila dillalin shanu, ya zo da shebur a kafaɗa da baki a buɗe.

"Kai gafiya! Da ƙasa kake bi, yanzu ka koma bin tsawo? Wa ya ce maka intanet ruwa ce da za ta biyo lambatu?"

"Kai da ba ka san bambancin waya da tocila ba, yi mana shiru ka haƙa."

"Idan ta iso ka ɗebo mini a guga, in kai wa matata!"

Aka yi ta haƙa ana shewa. Sai dai akwai abin da ba wanda ya yi tunaninsa, domin a wajensu ba abin tunani ba ne: ba a ratsa gonar mutum. Duk inda ramin ya iso gona, sai ya bi iyaka, ya kewaye, ya dawo. Ya kauce wa maƙabarta, ya ba wata tsohuwar kuka hanya, ya yi kwana saboda rumbun wata gwauruwa. Ɓangaren da Ɗanbaba ya haƙa da kansa kuwa, hannu ya tuna sana'a, sai da aka miƙa masa igiya ya fito.

Mansur ya tsaya gefe, kunya kamar ya nutse. Amma da ya ga tsofaffi sun yi futu-futu suna rawa da diga, sai ya ciro waya ya ɗauka. Ya hau babur har Zango ya saka bidiyon a intanet, don a gida ba zai tafi ba.

Ba a daɗe ba wata farar mota ta tsaya a ƙofar gari. Wani injiniyan sabon kamfanin ne, Anwar, bidiyon ya kawo shi. Ya bi ramin da ƙafa, yana kwana inda ya yi kwana, har ya gaji ya zauna a gindin kukar yana dariya yana share hawaye.

"Baba, ku yi haƙuri. Wannan ramin ko maciji sai ya yi jiri. Kuma ba haƙa kaɗai ba ce. Masu yanke shawara suna can nesa, taswira suke kallo, kuma a taswirar garinku ɗigo ne. Kebul ba zai zo bana ba, ba zan yi muku ƙarya ba."

Ɗanbaba ya sunkuyar da kai. Wannan karon ba ƙasa yake dubawa ba.

"Amma duk mutanen da na gani a bidiyon nan suna da waya?"

"Har da waɗanda ba su iya ta ba," in ji Ɗanbaba, yana nuna Sama'ila da haɓa.

Injiniya ya ce akwai wata dabara. Ana iya kafa dogon ƙarfe da ɗan faranti a kai, ya kalli Zango ya ɗauko sabis ta iska. Ba zai kai kebul gudu ba, amma ya fi abin da suke da shi nesa. Abin da ake buƙata shi ne mai shago da ya san kwamfuta, wanda zai zauna a garin ya kula da shi ya rarraba wa jama'a.

"Akwai wani," in ji Ɗanbaba, yana kallon gabas alhali Mansur na tsaye a yamma. "Amma an ce tafiya zai yi."

Injiniya ya karɓi lambar Mansur ya tafi.

Sai ga hadari ya fara haɗuwa, masu gonaki suka ce a mayar musu da ƙasarsu kafin shuka, kada shanun huɗa su karye. Gayya kuwa ba a kiranta sau biyu a kan abu ɗaya. Uba da ɗa suka ɗauki shebur. Suna cikin cike ramin Sallah ta zo ta wuce. Suna ciki motar kamfani ta kawo ƙarfen, bayan an ɗaga ranar har mutane sun fara cewa shi ma sai baɗi. Ɗanbaba ne ya haƙa masa gindi, kuma wannan karon an tsaya a kansa an ce ya isa haka.

Da la'asar ɗin da farantin ya fara aiki, suna bakin ramin da ya rage, Mansur ya dogara da shebur.

"Baba, na kira na Kano. Na ce ya ba wani shagon."

Ɗanbaba ya zuba ƙasa shebur guda, ya tattake ta da ƙafa.

"To. Ja shebur ɗin, ƙasar ba za ta mayar da kanta ba."

Da ya shiga gida, ko ƙafa bai wanke ba ya ce wa Amatullah a kama jan zakaran nan a yanka.

"Malam, baƙi za mu yi?"

"A'a. Cara ce ta yi masa yawa."