Rijiyar Baba da Shanun Maƙwabci

Shekarar da yaran gidanmu suka yi ta gudawa, Baba ya yanke hukunci tun kafin a tambaye shi: shanun maƙwabci ne suka ɓata mana ruwa. Rijiyar gidanmu a Garwa kakanmu ne ya haƙa ta, rabin unguwa nan suke ɗiban ruwa, kuma Baba ya fi alfahari da ita a kan mu 'ya'yansa. Maƙwabcin kuwa wani dattijo ne Bafulatani, garkensa na jikin katangarmu, rijiyarsa na can ƙarshen gidansa. Baba ya daina gaishe shi ko a masallaci.

Lokacin ina aiki a wani ɗakin bincike a Ngawundere. Na yi wa Baba bayani cewa ƙwayoyin da ke hanjin saniya daban suke da na hanjin mutum, kuma in an tace ruwa aka ciro DNA ɗinsu, na'ura tana faɗin daga cikin wa suka fito.

"Ki kawo mini a takarda," in ji shi. "Da hatimi. Wurin jauro mai unguwa zan kai, a tashe shi."

Na cika kwalba uku, na jera su a cikin kula mai ƙanƙara, na rungume ta a mota har Ngawundere. Matar da ke kusa da ni ta tambaya ko kifi ne. Na ce ruwan rijiya ne. Ba ta sake yi mini magana ba.

Sau uku na maimaita gwajin, don ban so abin da na gani ba. Babu alamar saniya ko kaɗan. Mutum ne. Masai mafi kusa da rijiyar kuwa, taku goma sha biyu, ni na zana shi, ni na sa aka haƙa, shekarar da na gama karatu. Har baƙi Baba yake kaiwa su gani, yana cewa aikin injiniya ne. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar da na ga sakamakon nan ba.

Na kai masa takardar, da hatiminta. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallonta, ko da yake ba ya karanta Faransanci.

"To, shanun?"

"Ba ruwansu, Baba. Masaina ne."

Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya sa aka rufe bakin rijiyar da kwanon rufi, aka ɗora dutse. Bayan la'asar ya ɗauko bokiti biyu, ya miƙo mini ɗaya, muka nufi ƙofar maƙwabci.

"Wuce gaba," ya ce. "Ke za ki yi sallama."