Inda Ƙadri Ya Ƙi Sa Almakashi

Daga Mutari Danda Hawandawaki, Potsdam, Jamus

Shekara ashirin da tara ke nan da wata huɗu rabona da gida. A tsawon wannan lokaci labarin mutuwa ya iske ni ta wasiƙa, ya iske ni ta kaset, yanzu kuma ta wayar hannu yake zuwa. Ranar Talata 12 ga Agusta 2025, da hantsi, ina bakin aiki, saƙon murya ya shigo daga Basira, ɗiyar Malam Ƙadri Mamudu Maijirgi: "Baffa, sai haƙuri. Baba ya cika ɗazu a asibitin Tasawa. Bayan azahar za a kai shi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ƙadri, da kai nake magana, ko da yake na san lokacin maganar ya wuce. Mutanen Tasawa sun san ka da ɗaukar bidiyon biki da suna. Kaɗan ne suka san cewa hannun nan da ke riƙe musu kamara ya koyi haɗa fim a gaban ƙwararru, kuma ni ne sanadin da ya sa ka dawo gida ba takarda. Akwai kuma amanarka da ke hannuna, wadda ka yi shekara shida kana roƙona, ban ba ka ba. Saboda ita na zauna rubutun nan.

A lisen Maraɗi, wato babbar sakandare, muka haɗu, aka ba mu bursu na ƙaro karatu tare a 1982 zuwa Jamus ta Gabas, lokacin nan ƙasar ta 'yan gurguzu ce. A can fim na gwamnati ne tun daga kamara har kujerar ɗan kallo. Darakta ma'aikaci ne mai albashi, mai haɗa fim ma haka, kuma ba abin da zai fita sai kwamiti ya zauna ya sa hannu. Ni na zaɓi aikin darakta don ina son a ga sunana da manyan baƙaƙe. Kai ka zaɓi ɗakin haɗawa, inda ake yanka zaren fim a liƙe shi har labari ya tashi. Na yi maka dariya, ka ce: "Ni ɗan tela ne, Bature. Ka sayo yadinka, ni ke sa shi ya zama riga." Tun lokacin kake ce mini Bature, don na riga ka iya cin abinci da cokali mai yatsu.

Malamarka Madam Gizela ce, wadda muka laƙaba wa Uwar Almakashi. Fim arba'in da wani abu suka bi ta hannunta, amma sunanta kullum a ƙarshe yake fitowa, lokacin da mutane suka miƙe suna neman ƙofa. Da safar hannu fara take taɓa fim, kuma ba ta taɓa jefar da guntun da ta yanke ba. Sai ta naɗe shi, ta rubuta rana, ta sa a gwangwani. Takan ce abin da aka yanke ajiya ne, mai shi zai zo nema. Ni kuwa ubangidana Mushe Otto ne, wato Malam Otto a Faransancinmu. Zan yi masa adalci: gwani ne. Amma fim ɗinsa na biyu kwamiti ya kulle shi a kabad tun yana saurayi, daga nan ya koyi sanin abin da ake so kafin a faɗa, mu ma shi ya koya mana.

A 1986 aka yarda mu zo gida tare da Mushe Otto mu ɗauki fim ɗin kammala karatu, a kan rijiyoyi da yadda mutane suka fita daga yunwar da ta wuce. Muka yi sati shida tsakanin Maijirgi da Hawandawaki, kayanmu a amalanken jaki, har muka leƙa kasuwar Mayahi. Rana ɗaya muka shiga gidanku, mahaifiyarka Inna Biba tana shiƙar gero. Mushe Otto ya ce in tambaye ta ko tana kewar ɗanta da ke Turai. Na san ba a yi wa uwa wannan tambaya a kan ɗan fari, balle ɗan yana tsugune a gefe da na'urar ɗaukar murya. Amma na yi. Na ce: "Inna, ina Ƙadri? Kina kewarsa?" Ta ja mayafi, ta kawar da kai, ta ce: "Ban san ko wa kake nufi ba." Ta ci gaba da shiƙarta.

Sai da muka koma Jamus, aka ɗora zaren a teburin haɗawa, Uwar Almakashi ta tsayar da hoto ta ce ka matso. Ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, amma ta ga abin da mu biyu ba mu gani ba. Bayan Inna ta kawar da kai, ta ɗauka an kashe kamara, sai ta saci kallonka ta gefen mayafi, kai kana duƙe kana murɗa na'ura. Sakan huɗu ne, hoto ɗari ba huɗu, don a zaren fim hoto ashirin da huɗu ke yin sakan ɗaya. Ka sa aka maimaita maka sau bakwai. Da muka fito shan shayi ka ce mini: "Shekarata ashirin da shida, ban taɓa kama idon tsohuwar nan a kaina ba. Sai da na zo ƙasar kafirai na gani."

Mushe Otto ya zo ya duba, ya ɗora yatsa daidai inda ta juya kai. Ya ce: "A nan za a yanka. Sai a ɗora sharhi, a ce yunwa ta kai uwa ga manta ɗanta." Ka yi masa bayani da Jamusancinka mai gargada, ka ce wannan kunya ce, ba mantuwa ba, a wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta kallonsa a gaban mutane, kuma duk wanda ya ga sakan huɗun nan zai gane. Ya juyo gare ni ya ce: "Kai ne darakta. Haka ne?" Na ce al'adar da ce, ta kusa ɓacewa, 'yan kallo a nan ba za su fahimta ba. Ka dube ni, ka ce da Hausa: "Mutari, kai ma hwa ɗan fari ne." Ka ajiye almakashin a kan tebur, ka cire safar hannu, ka fita.

An kira ka sau uku, ka kafe. Aka rubuta cewa ba ka bin umarni, aka sallame ka a 1987. Wani ya yi yankan, aka ɗora sharhin da muryar wani Bajamushe mai daɗin sauraro, ni kuma aka ba ni dipulom. To, ka san abin da ya biyo baya, amma bari mutane su ji. Kwamiti ya zauna, ya ce fim ɗin ya cika nuna yunwa, bai nuna injinan ruwan da ƙasarsu ta bayar yadda ya kamata ba, aka kulle shi. Ko sau ɗaya ba a haska shi ba. Bayan shekara uku ƙasar da ta ba ni takardar ita kanta ta ɓace daga taswira. Aka watse kamfanin fim na gwamnati. Mushe Otto ya koma ɗaukar tallar kujeru, ya mutu a gidan tsofaffi yana jiran a gayyace shi bikin fim. Uwar Almakashi ta ƙare a ɗinkin labule. Ni darakta ban sake cewa a kunna kamara ba. Na tantance wasiƙu, na share asibiti, yanzu ina tsaron wurin ajiye motoci. Iyakar ribar da na ci ke nan.

Kai ma ba ka ji da daɗi ba. A Yamai ba wanda ya ɗauke ka aiki ba takarda. Ka yi shekaru kana bin ƙauyuka da majigi, kana nuna wa mutane fina-finan rigakafi da na noman gyaɗa, in zare ya tsinke ka liƙe shi a kan gwiwarka kafin 'yan kallo su fara gunaguni. Da bidiyo ya zo ka buɗe shagonka a Tasawa. Ba na cewa kai mala'ika ne. Taurin kanka ya kori abokan ciniki da yawa, harshenka kuma ya fi almakashinka kaifi. Har nan aka ba ni labarin ɗan siyasar da ya zo yana faɗa don ka gajarta jawabinsa, ka ce: "Alhaji, jawabinka minti arba'in ne, maganarka minti biyu. Maganar na bar maka." Amma matan Tasawa sun yarda ka shiga har tsakar gida da kamara, don sun san in zani ya zame ko amarya ta yi tuntuɓe, ba mai gani a kaset.

Da na zo ta'aziyyar mahaifina a 1996, na ɗauka ba za ka kula ni ba. Kai ka tarbe ni a tashar Tasawa, ka karɓi jakata, ka ce: "Bature, ka tsufa, kuma ba ka yi kuɗi ba. Mi ka je yi ke nan?" Ba ka tayar da tsohuwar magana ba. Bayan na koma, kunyar dawowa hannu Rabbana ta riƙe ni, kai ka zama ɗa a gidanmu. Kai ka riƙa bin yashin Hawandawaki kana kai wa Iyata magani, kai ka shiga kabarinta a 2008. Kafin nan ka aiko mini kaset nata na minti ashirin. Ba ka tambaye ta ni ba ko sau ɗaya. Ka tambaye ta damina, da awaki, da farashin kanwa, ka bar kamara tana tafiya, har ita da kanta ta dubi ƙasa ta ce: "In kana aike can, ka ce wa mutanen can su riƙa sa rigar sanyi." Ka san inda ba a yanka. Inna Biba kuwa ta rasu tun 1991, ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. In ban da zaren nan namu, ba ta da hoto a duniya.

A 2019 Uwar Almakashi ta rasu, ɗiyarta ta kira ni. Ashe ranar da ake kwashe ɗakunan kamfanin ana zuba kaya a bola, Uwar Almakashi ta ɗebo gwangwanayen fim ɗinmu guda ashirin da uku ta kai ɗakin ajiyarta na ƙarƙashin ƙasa. A jikin ɗaya ta rubuta sunanka. Na faɗa maka a waya, ka ce: "Tana ciki?" Na ce tana ciki. Da na buɗe na ji wari kamar na ruwan tsami, alamar zare ya fara ruɓewa, kuma na san kowane wata yana ƙara cinsa. Akwai masu gyara a garin nan, tafiyar minti ashirin a bas. Ban je ba. Duk sallah sai ka bugo: "Bature, ina ajiyata?" In ce ana nan ana shiri. Bara ka ce: "Idona ya fara hazo hwa. In za ka aiko, ka aiko ina gani." Na ce bayan sallah.

Ba rashin hali ba ne ya hana ni, kada wani ya yi mini wannan uzuri. Muryar fim a zarenta take daban, kuma na san in aka gyara za a ji ni ƙarara ina yi wa uwar abokina tambayar da ba a yi. 'Ya'yanka za su ji, su tambayi abin da ya faru, a ba su labarin ranar da aka ce mini: "Kai ne darakta. Haka ne?" Na fi son su ci gaba da ce mini Baffa. Don wannan kaɗai na bar ka ka tafi ba ka sake ganin idon mahaifiyarka ba. Washegarin saƙon Basira na ɗauki gwangwanayen na kai. Ban ma san da wace fuska na shiga bas ɗin ba.

Allah Ya jiƙanka, Ƙadri. Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa gaskiyar da ka tsaya a kanta ta tsaya maka ranar da ba wani mai tsayawa. Allah Ya haɗa ka da Inna Biba a inda za ta dube ka ido biyu. Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinka Hajiya Kubra, da Basira, da Isma'il, da Sadiƙu, da dangi na Maijirgi, da jama'ar Tasawa baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya albarkaci bayansa. Ina kuma roƙonku ku gafarta mini a madadinsa, in kun ga za ku iya. In ba ku iya ba, ba ku zalunce ni ba.

Basira, jiya masu gyara suka kira ni, kuma duk abin da ya fita zan turo miki, har da muryata, ban taɓa komi ba. Cikin gwangwani ashirin da uku, tara suka tsira, sha huɗu sun manne sun zama dunƙule. Hoton da ya fita minti arba'in da ɗaya ne. Tambayata ta fita tsaf, ba abin da ya same ta. Kallon kakarki kuwa hoto ɗari ba huɗu ne, sittin da ɗaya suka rage. Sakan biyu da rabi.