Irin Gurasar Inna

Ranar wata Alhamis ce, mako guda bayan an gama sussukar alkama a fadamarmu ta Magarya, a shekarar da nake aji huɗu na firamare. Da safiyar ranar malamin kiwon lafiya ya jera mu a ƙarƙashin dogon yaro, ya duba farce da haƙoran kowa, sannan ya ce duk kwanon da ke warin tsami gidan cuta ne, a wanke shi da toka a kife a rana. Ya ce gobe zai tambayi wanda ya yi hakan a gidansu. Ni kuwa a lokacin ba abin da nake so kamar malami ya kira sunana a gaban aji. Ko carafken da muke yi da tara ban tsaya yi ba, sai lissafin kwanonin gidanmu nake.

Da na dawo da azahar, Inna tana rumfar bayan madafa tana tankaɗen garin alkama, fuskarta da gashin idonta duk sun yi fari. Ta ce in share mata ɗaki. A ƙarƙashin gadonta na ci karo da wata 'yar tukunyar ƙasa, an rufe ta da faifai an ɗora dutse. Ina buɗewa tsami ya bugi hancina. Wani abu ne a ciki mai kama da kunu mai kauri, yana ta ƙananan kumfa, gefen tukunyar duk ya bushe ya yi ɓawo. Na kai ta bakin rijiya na juye wa kaji abin da ke ciki, na dirje ta da toka da yashi har sau uku, na kife ta a kan rufin rumfa inda rana ta fi zafi. Na koma shara ina jin na yi abin kirki.

Abin da na zubar, shi Inna take kira iri. Duk ranar da ta yi kwaɓin gurasa takan ɗebi kaɗan ta mayar cikin tukunyar nan, ta riƙa ƙara masa gari da ruwa, kuma da shi kwaɓi na gaba yake tashi. A wancan lokacin yis sai an je Sakkwato, kuma ko an kawo, matan unguwarmu ba su yarda da shi ba. Irin Inna daga Tursa ya zo. Mahaifiyarta ce ta saka mata shi cikin kayan aure, kuma tun ranar bai taɓa mutuwa a hannunta ba. Washegari Juma'a kuwa za a yi sunan jaririn ƙanwarta Asabe a can Tursa, haihuwar fari, ga shi mahaifiyarsu ta rasu shekara biyu kafin nan. Inna ce a matsayin uwa. Ta riga ta aika cewa gurasar yinin suna tana wuyanta, har Baba ya kai mudu shida na alkama inji. Tayar da sabon iri yana cin kwanaki, ita kuwa yini guda ma ba ta da shi.

Da la'asar ta shiga ɗaki ɗauko tukunyar, ta fito hannu wayam. Ta dubi tsakar gida, ta dubi kajin da ke tsattsagar ƙasa a bakin rijiya, sannan ta ɗaga kai ta ga tukunyar a kan rumfa. Ni ce 'yarta ta fari, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta yaba mini a gaban mutane, ba ta ma cika haɗa ido da ni ba. Ranar ta dube ni sosai.

"Ke ɗiyar ga, mi kinka yi ma tukunyar ga?"

Na gaya mata abin da malam ya ce, har da maganar cuta. Na tsaya ina jiran duka. Sai ta zauna a kan turmi, tana goge garin hannunta da gefen zane. Da ta tashi, ƙaramar ƙwarya ta ɗauka, ta ce in biyo ta.

A unguwarmu ba a sayar da iri kuma ba a hana shi, amma matar da ta je roƙo ta shaida wa duniya cewa ta kasa kula da nata. Kuma gida ɗaya ne kawai ke da irin da ya fito daga tukunyar kakata, gidan Gwaggo Tumba, maƙwabciyarmu, wadda Inna ta sam wa tun suna amare. Shekara guda da rabi ke nan ba sa magana. Awakin Gwaggo Tumba ne suka shigo suka cinye shanyar waken Inna, aka yi musayar kalamai, Inna ta sa aka toshe kafar da ke jikin darnin da ya raba gidajen biyu da zana. Mu yara ma aka hana mu gaɗa tare da 'ya'yanta, sai dai mu haɗu a makaranta. Inna ta tsaya a gaban zanar nan ta kwance igiyar da hannunta, ɗauri bayan ɗauri, ta yi sallama.

Gwaggo Tumba tana gyaran albasa a inuwar rumbu. Ta amsa sallamar ba ta tashi ba. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi maigida da yara da gajiya, kamar jiya suka rabu. Sannan Inna ta ajiye ƙwaryar a ƙasa ta ce irinta ya mutu, ta zo a sam mata.

"Ikon Allah," in ji Gwaggo Tumba. "Ko shi ma awakina sunka lashe?"

Ina tsaye a bayan Inna, toka ba ta ma gama fita daga farcena ba. Kalma ɗaya za ta faɗa kunyar ta dawo kaina, kuma ba wanda zai ga laifinta, yara suna ɓarna kullum.

"A'a, Tumba," ta ce. "Sakaci na yi."

Gwaggo Tumba ta ɗan jima tana kallonta. Sai ta shiga ɗaki ta fito da tata tukunyar, ta raba abin da ke ciki biyu, ta ce ai ba kyauta ta yi ba, kayan mutane ne ya koma gidansu. Ta kuma tambayi mudu nawa ne, da ta ji shida sai ta ce tanderu ɗaya ba zai gama wannan kafin hantsi ba.

Washegari bayan sallar asuba na tarar da kwaɓin ya tashi har ya ɗaga faifan da aka rufe akussa da su. An hura kara a tanderun gidajen biyu, wato manyan tukwanen ƙasa da aka girke aka yaɓe da laka, har wuta ta mutu garwashi ya rage. Inna takan jiƙa hannu da ruwa, ta yanko kwaɓi, ta faɗaɗa shi a tafinta, ta zura hannu har kafaɗa ta manna shi a jikin tanderu, ta zaro kafin zafi ya kama ta. Ba kullum take tsira ba, damtsenta na dama duk tabon ƙuna ne. Aikina shi ne in riƙa ratsa kafar darni da kwaɓi, in dawo da gurasa mai zafi a faifai. Ƙamshin ya cika unguwa har ƙannena suka tashi ba a tashe su ba. Ta farko da ta fito, Inna ta barbaɗa mata garin ƙuli da man gyaɗa, ta ajiye a gefen turmi inda nake zama, ba ta ce tawa ce ba. Da hantsi Baba ya ɗaure kwanduna biyu a bayan babur ya kama hanyar Tursa, Inna ta bi shi a motar kasuwa. A makaranta malam ya tambayi waɗanda suka wanke kwano a gida. Hannuwa suka tashi, ni na sa nawa a tsakanin gwiwoyina.

Inna ba ta sake tayar da maganar ba, ko ga Baba. Sai ranar da za a kai ni ɗakin miji Gwaggo Tumba, tana ƙunsa mini lalle, ta gaya mini cewa tun azahar ɗin ranar ta hango tukunyar a kan rumfarmu tana ƙyalli, ta kuma san ba mai gurasar da za ta yi wa tukunyar iri wannan wankin. Ta ce da Inna ta ambaci sunana da ta ba ta cokali ɗaya ta sallame ta, amma matar da ta ɗauki kunyar ɗiyarta ta ɗora a kanta ba a yi mata rowa.

Yau ina zaune a Sakkwato, ina yin gurasa a murhun gas da yis na leda, kuma ba ta taɓa ƙin tashi ba. Inna ta tsufa, hannunta ba ya iya shiga tanderu, Gwaggo Tumba kuma ta riga mu gidan gaskiya. Idan 'yata ta yi ɓarna baƙi suka tambaya, nakan ji sunanta ya zo bakina, sai in haɗiye shi. A nan nake gane nauyin abin da aka ɗauke mini.