Sunaye Huɗu a Burauza

Shekarar da ruwa ya cinye shinkafar mutanen wajen Auyo, kawuna ya zo ofishinmu a Haɗeja da laka har gwiwar wando. Da idonsa ya ga waɗanda suka fasa jingar da ke tare kogi don su tsirar da gonakinsu, ruwan ya juya kan na maƙwabta. Su huɗu ne, ɗaya ma surukinsa. Ya ce in buga masa sunayen a kwamfuta in ajiye, kada kowa ya gani sai ya gama shawara da zuciyarsa.

Na buga a manhajar da muke rubuta rahoto. Bayan ya tafi, rawar kai ta sa na danna wani maɓalli don in ga yadda takardar za ta fito. Kawai sai burauza ta buɗe da kanta, wannan tagar dai da muke karanta labarai a cikinta. Ga sunaye huɗu reras, ga na kawu a ƙasa.

A sanina, duk abin da ya bayyana a tagar nan ya hau intanet, mai waya duk zai gani. Na rufe, na goge, na zare wayar wuta. Na san mutanen nan, ba sa wasa da maganar gona, kuma gidan kawu na zana ne. Na kira shi yana kan babur.

"Kawu, na yi ɓarna. Sunayen sun fita duniya."

Ya ce to, ya kashe.

Bayan azahar abokin aikina ya same ni sharkaf da gumi. Da ya ji bayani ya yi dariya har da buga tebur, ya kunna kwamfutar, ya buga wata takarda ya danna maɓallin nan, ya nuna mini saman tagar. Adireshin na cikin kwamfutar ne, manhajar aron burauza kawai ta yi don ta nuna takarda. Ofishin ma babu data tun jiya.

Na sake kiran kawu. Ya ce ai ya riga ya tsallaka a kwalekwale, ya faɗa wa surukinsa komai da bakinsa, gara ya ji daga gare shi kafin ya gani a waya.

Har yau shi da surukin ba sa gaisawa, ko a wajen jana'iza. Kawu kuma bai san takardar ba ta taɓa barin teburina ba. Na kasa faɗa masa.