Motar Gide Mai Shiga Daji

Gide manomi ne a Mairuwa, cikin ƙasar Faskari, kuma kafin bara bai taɓa riƙe sifanar kwance noti ba. Masara ya sani, da dawa, da yadda ake lallaɓa jaki mai taurin kai. Shiru-shiru ne, irin mutanen da sai ka gaishe su sau biyu kafin su ɗago kai, ba don girman kai ba, kunya ce kawai ta yi masa yawa. Da amfanin gona ya yi kyau, sai ya je Funtuwa ya sayo wata 'yar ƙaramar mota tsohuwa mai ƙofa biyu.

Matsalar ita ce gonarsa na can bayan gari, hanyar duk kwazazzabai. Motar kuwa cikinta a ƙasa yake, ko kunyar gona ta taka sai ka ji ƙarfe ya yi ƙara. Gide ya ɗauri aniyar gyara ta da hannunsa. Ya dinga kallon bidiyon makanikai a waya, ya sayo tayoyi manya, ya cusa robobi a ƙarƙashin sifirin don ta ɗaga, ya cire kujerar baya saboda buhuna. Karon farko baya kawai ya ɗaga, motar ta fito goshi a ƙasa kamar rago zai yi karo. Dariyar da aka yi masa a bakin tasha ta sa ya koma aiki a cikin gida, ƙofa a rufe.

To, mu mutanen nan yanzu ba ma son ƙofa a rufe. Garin da aka sha ɗauke mutane a gonakinsu, kowa kunnensa a tsaye yake. Sai aka fara tambaya: me yake ɓoyewa?

Wata rana ya je wurin Uwais bakanike neman shawara a kan kabureta, mutane na zaune a benci suna jira.

Uwais ya ce, "Wai mi kaka so motar ga ta zama ne, Gide?"

Ya ce, "So nike ta riƙa shiga daji da kaya, ta fito ba ta maƙale ba."

Mutanen da ke benci suka kalli juna. Tun kakanninmu, in manomi ya ce ya tafi daji, gona yake nufi. Amma yau kalmar ta canza hannu, in an ce mutanen daji kowa ya san ɓarayin da ake nufi. Gide bai lura ba, ya karɓi shawararsa ya tafi. Kafin la'asar labari ya zaga gari cewa da bakinsa ya faɗa, kaya yake kai wa daji. Kafin sati ya zagayo, wani direba ya dawo da zancen daga kasuwar Ƙanƙara, har an ƙara da cewa man fetur da burodi yake kai musu. Sunan da ake raɗa masa shi ne infoma, wato ɗan leƙen asirin ɓarayi, kuma a nan wanda wannan suna ya kama ba ya kwana lafiya. Abin ya ba ni haushi ƙwarai, don na san Gide ko kazar maƙwabci ba ya iya kora da ƙarfi.

Mai unguwa, Malam Abdulƙarim, ya kira shi gaban 'yan sa-kai. Gide ya yi rantsuwa, sannan ya ce, "Malam, ku taho mu tahi, ku ga dajin da nike nuhi." 'Yan sa-kai biyu suka shiga motar, ɗaya a gaba, ɗaya a tsugune inda kujera take a da. Motar ta haye kwazazzabai lafiya lau, Gide har ya fara murmushi. Da suka iso rafi sai manyan tayoyin suka fi ƙarfin ɗan injin, ta nutse a laka ta mutu. Suka tura har suka gaji, suka dawo a ƙasa.

Mai hankali zai ce ai an ga iyakar motar. Ina! Cewa aka yi da gangan ya maƙale ta don kada a isa wurin. Mai unguwa dai ya ce bai kama shi da komai ba, ya sallame shi. Amma da kaka ta zo, 'yan ƙwadago suka ƙi zuwa gonarsa, shi da matarsa Suwaibatu suka karya masararsu.

Ranar da ya shigo da buhun ƙarshe, yayansa Mas'ud, wanda ya rene shi bayan rasuwar mahaifinsu, ya zo ya tsaya a soro. Ya waiga, ya tabbatar ba kowa, ya rage murya.

"Gide, ni da kai ne, ba mai ji. Tsakaninka da Allah, mi kaka kai masu?"

Gide ya sauke buhun a hankali.

"Yaya, har kai?"

Mas'ud dai yana nan tsaye, yana jiran amsa.