Farin Hankicin Elwood Wanzami

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina tsaye a bakin wata rijiya da muke haƙa wa wani mai garke a yamma da garin Magdalena, sai matata Verna ta kira ni. Ba ta ja magana ba. Ta ce, "Harlan, kashe injin nan. Wanzami ya tafi." Elwood Pruitt, ashe ka cika da hantsi a kujerarka ta baranda, kofin da ke hannunka bai ko huce ba, kana da shekara tamanin da ɗaya. Matarka Opal ta ce ta ɗauka gyangyaɗi kake yi. Mai rai ya karɓi abinsa, ya kuma karɓa cikin sauƙi. Na yi kuka, amma ban ga abin ƙorafi ba.

Ni ba marubuci ba ne. A sakandare na tsaya, da tsohuwar mota guda da injin aro na fara haƙar rijiya, yau kuwa da wuya ka sha ruwa a gundumar nan ba daga ramin da na haƙa ba. Ban saba yabon mutum ba. Amma kai, dole in rubuta.

A shagonka na aski na san ka. Kai ka ja ni zuwa filin harbinmu na bayan gari, inda tsofaffi ke sa malafa da dogon takalmi irin na kaboyin da, su ɗauki bindigogi irin na kakanninsu, suna harbin farantan ƙarfe ana duba wanda ya fi sauri. Na ce maka wasan yara ne. Ka ce, "Zo dai ka gani, in bai yi maka ba askinka na shekara kyauta." Ban ci askin kyautar nan ba. A filin ba a kiran kowa da sunan yanka. Kai ne Wanzami, kai ka raɗa mini Sarkin Rijiya, Verna kuwa ka sa mata Gwaggo Tsawa tun ranar da ta fara riƙe doguwar bindiga ta fi ni ci.

Mutane sun san alherinka. Sun san yadda kake ɗaukar jakar askinka ka je gidan tsofaffi ran Lahadi bayan coci, da tukunyar wake da nama mai yaji da ba ta taɓa fashin zuwa fili ba. Ni abu guda zan faɗa, wanda ya shafi gidana.

Aiki ya cinye mini ƙuruciya. 'Ya'yanmu sun girma sun watse, ni da Verna muka wayi gari a gida ɗaya ba mu da abin cewa juna. Filin nan ne ya mayar mana da hira. To, shekaru uku da suka wuce aka cire mata yana a ido. Ta warke, ta koma harbi, sai ga ido yana ja yana hawaye duk ranar gasa. Bindigarta tana feso baƙin hayaƙi da ɓurɓushin albarushi ta baya, su bi ta ƙarƙashin tabarau su shiga idon. Likita ya ce ko dai hayaƙin ya daina, ko ita ta daina. Ta naɗe doguwar rigarta ta harbi ta sa a akwati. Shirun nan na da ya dawo gidana.

Na yi abin da na iya. Na sayo mata sabuwar bindiga, na sayo albarushi kala-kala, duk wanda aka ce mini yana ci da tsabta. Da hannuna nake ɗura mana harsashi, kamar kowa a cikinmu, kuma kamar kowa nakan rage albarushin sosai don kada bindiga ta daki kafaɗa, a samu sauri. Na Verna na fi ragewa, saboda tausayi. Ba abin da ya sauya.

Wata Asabar ka tsuguna ka tsinci kwanson harsashin da na gwada a bindigarta. Ka zaro farin hankicinka na aski ka goge shi, hankici ya yi baƙi ƙirin kamar an shafi gindin tukunya. Ka ce, "Sarkin Rijiya, wannan harsashi ne ko tusar ɓera? Tausayinka ne ke shiga idon Gwaggo." Ka nuna mini cewa idan albarushi ya yi kaɗan, kwanson tagulla ba ya buɗewa ya toshe ramin bindiga, sai hayaƙi ya samu hanya ya komo baya, albarushin ma bai gama ci ba. Na ce ai bututun rijiya ma haka yake, in ruwa ba ƙarfi robar da ke toshe mahaɗinsa ba ta kamawa. Ka ce, "Ka ga, ashe ka sani. Girman kai ne ya hana ka tambayar wanzami." Har gobe ina cewa rabin dabarar tawa ce, kai ma ba ka taɓa musa mini ba sai a bayan idona.

Sanin ciwo daban, samun magani daban. In aka ƙara ƙarfi, kafaɗar Verna ba za ta ɗauka ba, in aka rage, ido ya sha. Tsakanin nan ka shiga nema, tun daga kaka har ƙanƙara ta narke a kan duwatsu. Ka sauya nauyin dalmar kan harsashi. Ka koma albarushi mai saurin ci. Ka matse bakin kwanso sosai a jikin dalmar. Ka riƙa gasa bakin kowane kwanso a harshen wuta don tagullar ta yi laushi, da haƙurin nan naka na mai aske wa jariri. Ba ka taɓa wuce iyakar da masu albarushi suka gindaya ba, kakan ce wanda ya yi wa albarushi wayo ba ya samun damar ba da labari. Kowane gwaji kuma, hankici ne alƙali. Opal ta taɓa tare ni a bakin kanti ta ce, "Harlan, ka gaya wa abokinka ni ba wankin gawayi aka kawo ni yi ba."

Ranar da ka zo gidanmu da gwangwanin kofi cike da harsashi, ba ni ka nema ba. Ka tsaya a ƙofar kicin ka cire malafa ka ce, "Gwaggo Tsawa, fito da rigar nan, asu zai cinye ta." Ta ce, "Tsoho, in idona ya sake ja, gashin bakin nan naka zan aske da almakashin kaji." Muka je fili. Ta harba, faranti ya yi ƙara, ta ci gaba har bindiga ta ƙare. Ka tsinci kwanso ka goge, ka ɗaga hankici sama kamar tuta. Fari. A hanyar komawa gida Verna ba ta rufe baki ba, tana lissafa mini inda na yi kuskure a nawa harbin. Ban taɓa jin daɗin faɗa kamar na ranar ba.

Daga baya ka zaunar da ita a bencinka na ɗurin harsashi ka koya mata ɗurawa da kanta, ka ce ba ka yarda da hannun mai haƙar rijiya ba. Yanzu na gane shirin tafiya kake yi.

Asabar ɗin da ta bi jana'izarka mun taru a fili kamar yadda muke yi wa namu. Aka rataye malafarka a kan gungume, kowa ya yi maka harbi ɗaya. Verna ce ta ƙarshe, da harsashin da ta ɗura da hannunta. Faranti ya amsa. Ta tsinci kwanson ta miƙa wa Opal. Opal ta buɗe jaka ta zaro hankicinka, ta goge, ta duba, ta juya shi ga jama'a. Ta ce, "To, tsoho, ka gani. Yau dai ka hutar da ni wanki." Muka yi dariya da hawaye a fuska, idon Verna kuwa ba abin da ya ja shi sai kuka.

Ina miƙa ta'aziyyata da ta Verna ga Opal, da 'ya'yanku Dwight da Marcy, da jikoki, da duk 'yan filinmu. Ubangiji ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku a inda Wanzami yake tsaya muku. Kai kuma Wanzami, Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutawa a wurinsa. Yadda ka share wa gidana baƙin hayaƙi, Allah ya sa a ɗaga naka hankicin a gabansa a same shi fari.

Abokinka,
Harlan Stroud, Sarkin Rijiya